Daga Sojojin Yaƙin Duniya Zuwa Fom ɗin FAFSA: Tarihin Tallafin Masu Ƙaramin Ƙarfi a Jami'o'in Amurka



Da aka ce kowa ya kawo abin da za a sa a wannan fitowa ta tunawa da kafuwar ƙungiyarmu, sai na zaɓi maganar da ta fi yawan tasowa a tsakaninmu, wato kuɗin makaranta. Tambayar kullum ɗaya ce: "Ni ma zan iya samun tallafin nan kuwa?" A ganina amsar ba ta fita sosai sai an koma baya an ga yadda aka gina tsarin, domin kusan kowane sharaɗi da ke cikin fom ɗin da muke cikawa yana da shekarar da aka sa shi, da dalilin sa shi.

Da farko mu raba abu biyu da muke haɗawa mu kira su sikolashif. Akwai kuɗin da ake ba ɗalibi saboda ƙwazonsa ko iya wasansa, ko da mahaifinsa attajiri ne. Akwai kuma wanda ake bayarwa saboda aljihun gidansu bai kai ba. Na biyun nan nake magana a kai.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, jami'a a Amurka galibi ta 'ya'yan masu hali ce. Abin da ya fara sauya lamarin shi ne dokar da ake kira GI Bill, wadda Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu ranar 22 ga Yunin 1944. Gwamnati ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo daga fagen daga, har dala 500 a shekara, ga kuma kuɗin abinci duk wata. Sama da mutum miliyan biyu suka shiga jami'a ta wannan hanya, har ya zama a 1947 kusan rabin ɗaliban jami'o'in ƙasar tsofaffin sojoji ne. Amma ka lura, a nan ba talauci aka duba ba, hidimar ƙasa aka saka wa. Kuma baƙaƙen fata da yawa, musamman a jihohin kudu, sun dawo da haƙƙinsu a takarda, suka tarar manyan jami'o'in jihohinsu ba sa karɓar baƙar fata. Duk da haka dokar ta nuna abu ɗaya da wasu shugabannin jami'o'i suka yi ta musu a kai: ɗan manomi da ɗan lebura, in an biya musu, suna karatu kamar kowa.

Sai tambaya ta taso: ta yaya za a gane mai buƙata? A farkon shekarun 1950 jami'o'i na ta gasar zawarcin ɗalibai masu ƙwazo da kuɗi, har wanda bai buƙata ma yana samu. Wani jami'in tallafi a Harvard, John Monro, ya fito da hanyar lissafi: a duba abin da iyaye ke samu, da kadararsu, da yawan bakunan da suke ciyarwa, a fitar da abin da za su iya biya. A 1954 hukumar College Board ta kafa sashe na musamman da fom guda ɗaya don wannan aiki. Lissafin da aka kafa a lokacin shi ne ginshiƙin har gobe: jimillar kuɗin karatu na shekara, a cire abin da gida zai iya, abin da ya saura shi ne buƙatarka.

Gwamnatin tarayya ta shigo a hankali. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, a 1958 aka yi dokar da ta buɗe rancen karatu mai sauƙin ruwa. Sai ranar 8 ga Nuwamban 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar Ilimi Mai Zurfi. Bai yi hakan a fadar White House ba, sai ya tafi San Marcos a jihar Texas, kwalejin da shi kansa ya yi karatu da kyar, har ya taɓa ajiye karatun ya je koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a garin Cotulla don ya tara kuɗi. Wannan doka ce ta kawo tallafin tarayya na kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai kuɗin hannun jami'o'i ake danƙawa su raba. In makarantarka ba ta samu kaso mai yawa ba, ko an riga ka, shi ke nan.

Wanda ya juya akalar shi ne Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island. Abin mamaki, shi ɗan gidan masu tsohon arziki ne, bai san rashin kuɗin makaranta ba. Amma ya yi aikin soja a rundunar tsaron gaɓar teku lokacin yaƙi, ya kuma ga abin da GI Bill ta yi wa sa'o'insa. Ra'ayinsa shi ne a ɗaura kuɗin a jikin ɗalibi, duk makarantar da ta karɓe shi ya tafi da abinsa. Manyan ƙungiyoyin jami'o'i sun fi son a ci gaba da ba su kuɗin kai tsaye, aka yi ta ja-in-ja. Cikin waɗanda suka tsaya tare da Pell akwai Lois Rice, baƙar fata ma'aikaciyar College Board, wadda daga baya ake yi wa laƙabi da uwar wannan tallafi. Ita ce mahaifiyar Susan Rice, tsohuwar jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya. Shugaba Nixon ya sa hannu a gyaran dokar ranar 23 ga Yunin 1972. A zangon farko na 1973 zuwa 1974, 'yan aji ɗaya kaɗai aka ba, kuma mafi yawan abin da mutum ya samu dala 452 ne. A 1980 aka raɗa wa tallafin sunan Pell.

To, daga nan fa sai ƙofar ta riƙa buɗewa tana tsukewa, gwargwadon iskar siyasa. A 1992 aka samar da FAFSA, fom na kyauta da ake neman tallafin tarayya da shi. A 1994 dokar yaƙi da manyan laifuka ta cire fursunoni daga cikin masu cancanta, shirye-shiryen karatu a gidajen yari suka durƙushe, ba a maido musu ba sai 1 ga Yulin 2023. A 2012 aka taƙaita shekarun cin tallafin zuwa zango 12, wato shekara shida. Daga zangon 2024 kuma aka sauya ma'aunin lissafi, aka daina rage wa iyaye nauyi don suna da 'ya'ya biyu ko uku a jami'a lokaci guda. Duk wanda ya san girman gidajenmu ya san wa wannan ya taɓa.

Babban abin da ya sauya shi ne ƙarfin kuɗin kansa. A tsakiyar shekarun 1970, cikakken tallafin Pell yana biyan fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin jami'ar gwamnati ta shekara huɗu. A zangon 2024 zuwa 2025 cikakkensa dala 7,395 ne, amma bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Giɓin da ya rage da bashi ake cike shi, bashin kuma da kuɗin ruwa yake tafe, abin da da yawa cikinmu ke gudu saboda addini. Shi ya sa kowace dala ta kyauta take da nauyi a wurinmu.

Yanzu mu zo kanmu, don mu a ƙungiyar nan ba kala ɗaya ba ne.

Wanda aka haifa a nan, ko yake da takardar zama ta dindindin, ko aka ba shi mafaka, ƙofar FAFSA a buɗe take gare shi. Yaron da aka haifa a Bronx ɗan ƙasa ne, haƙƙinsa ba ya faɗuwa don iyayensa ba su da takardu. Sai dai in bai kai shekara 24 ba, bai yi aure ba, ba ya ɗauke da nauyin ɗa, to galibi da samun iyayensa za a auna shi. Wanda kuma ya zo da digirinsa na farko daga Kano ko Yamai ko Legon, ya sani tallafin Pell na wanda bai taɓa yin digiri ba ne, ko a ina aka yi shi.

Wanda ya shigo da bizar ɗalibi, gaskiya ɗaya ce: ba shi da rabo a kuɗin tarayya. Tun kafin a ba shi takardar I-20 sai da ya nuna shaidar kuɗin shekarar farko. Tasa ƙofar ita ce asusun jami'ar kanta, wadda da yawa daga cikin masu zaman kansu ke aunawa da fom ɗin CSS Profile, jikan wancan fom na 1954. Akwai 'yan ƙalilan, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst, da ba sa duba aljihun baƙo wajen ɗauka, kuma suna cike masa buƙatar da lissafi ya nuna. Ƙannenmu da ke gida ya kamata su ji wannan tun suna sakandare.

Wanda ba shi da takardu ma kada ya yanke ƙauna kafin ya duba dokar jiharsa. A New York, tun 2019 doka ta ba irin waɗannan ɗalibai, in sun cika sharuɗɗa, damar neman tallafin jiha.

Akwai kuma abin da ma'aunin Monro bai san da shi ba. Fom ɗin ya san uba da uwa da 'ya'yansu da wanda ke zaune tare da su. Bai san kakar da ke Zinder ba, bai san marayun ƙanin baba da ke Nima a Akara ba, bai san kuɗin da direban tasi ke turawa gida duk wata ba. A takarda gidan ya bayyana da hali, a zahiri tukunya ɗaya ce ke ciyar da gida uku. Abin da na ga yana taimakawa shi ne, doka ta ba jami'in tallafi na kowace makaranta ikon sake duba lissafin ɗalibi in akwai wani hali na musamman, kamar rasa aiki, ko jinya mai tsada, ko rasuwa. Ba dole ne ya amince ba, amma ba zai duba ba sai ka je da takardun shaida ka yi bayani. Mu kuma an san mu da kunya, ba ma son a ji sirrin gida. Wallahi na sha ganin ɗalibi yana aikin dare yana gyangyaɗi a aji, alhali ofishin na nan a bene na biyu bai taɓa leƙawa ba. Matambayi ai ba ya ɓata.

Roƙona biyu ne. Ku cika fom da wuri, don kuɗin jiha da na makaranta kan ƙare. Ku kuma rubuta gaskiya, domin ƙarya a FAFSA laifi ne da ke jawo tara ko ɗauri, ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma tana iya taɓa zamansa. Waɗanda suka riga suka bi hanyar, ku zauna da sababbin zuwa ku nuna musu layi-layi, musamman waɗanda iyayensu ba sa karanta Turanci.

Allah Ya buɗa mana, Ya sa mu gama lafiya, Ya saka wa iyayenmu da alheri.