Daga Sarkin Magina Zuwa Hatimin ARCON

Duk wanda zai tada bene a Nassarawa GRA a yau, kafin a haƙa harsashi sai ya kai zanensa hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, kuma ƙa'ida ita ce zanen ya zo da hatimin mai zanen gine-gine da ke da rajista. Mutane sun saba da wannan har suna ganin kamar da shi aka fara gini a ƙasar nan. Alhali dokar da ta kawo rajistar ta 1969 ce, Kano kuwa tana gini da tsari tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya fara ganuwa a sarautarsa ta 1095 zuwa 1134. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, lasisin zamani ya karɓi ikon da ke hannun magina na gargajiya, amma ya bar iliminsu a waje, kuma hanyar da ɗalibi ke bi ya zama ƙwararre tana da wannan giɓi har yanzu.

Kuskure ne a ɗauka cewa kafin Turawa kowa ke gini yadda ya ga dama. Gini sana'ar gado ce, tana da shugaba, Sarkin Magina, wanda ke tsakanin fada da masu sana'a, shi ke tara su idan aikin sarki ya taso, shi ke raba gardama. Yaro yana farawa da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya yi shekaru kafin a bar shi ya hau bango, ya ƙara wasu kafin a yarda ya taɓa rufi. A rufin ne ake gane gwani, domin azara, wadda ake faskarowa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita 2. Maginan Hausa suka warware wannan matsala da bakan gizo: a jera azara hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har baka biyu su haɗu a sama. Da wannan dabara aka rufe manyan soraye na Gidan Rumfa, da ita kuma Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Mutumin da ya yi wannan aiki ya san nauyi, ya san inda ƙarfi ke sauka, ya san yadda zai kori ruwan sama ta indararo. Ba ya da takarda, amma akwai waɗanda suka gwada shi kafin su kira shi gwani, kuma idan rufinsa ya rufta, sunan gidansu ne ya zube.

Nassarawa ce wurin da tsarin gargajiya da na zamani suka fara haɗuwa. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, sun zauna a wajen ganuwa ta gabas, kuma da yawa daga gidajensu na farko da ƙasa aka gina su, da hannun maginan gari. Shaida tana nan tsaye: Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909 har da sashen koyon sana'o'in hannu. Gidan ya haura shekara 100, da zankwayensa da kaurin bangonsa, kuma Bature ya zauna cikinsa. Sauyi ya zo ne da jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911 ya sauƙaƙa shigo da siminti da kwano, sannan da Dokar Birane ta Lugard ta 1917, wadda ta raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa da fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa. Daga nan zanen gidajen gwamnati ya koma ofishin ma'aikatar ayyuka, magini kuma ya zama ɗan ƙwadago mai bin zanen da wani ya yi. Ba a taɓa zama aka gwada ƙasa da siminti aka ce ƙasa ta faɗi ba. Iko ne ya sauya wuri, daraja ta bi shi.

Karatun zanen gine-gine na boko ya taso a cikin wannan yanayi. An fara shi a 1952 a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya reshen Ibadan, aka mayar da shi Zariya a 1955, ya zama sashe a Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Manhajar ta Ingila ce, ma'aunin ƙwarewa kuma na ƙungiyar RIBA ta Landan. A 1960 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyarsu, NIA, sannan Doka ta 10 ta 1969 ta kafa majalisar rajista, ARCON, ta hana kowa kiran kansa da sunan sana'ar sai wanda ke cikin littafinta. Hanyar a yau doguwa ce: shekara 4 ta digirin farko, 2 ta digiri na biyu, hidimar ƙasa, aƙalla shekara 2 a ƙarƙashin wanda ya riga ya samu rajista, sannan jarabawar ƙwarewa. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 18 da wuya ya riƙe hatimi kafin ya kusa 30. Abin lura shi ne, wannan zama a ƙarƙashin babba shi ne ainihin tsarin da magina suka daɗe a kai, sai dai babu inda dokar ta buɗe wa gwanin ƙasa ƙofa, ko a matsayin malami.

Za a ce wannan begen da ne kawai, domin fili a Nassarawa ya yi tsadar da babu mai saya ya gina soro, benaye da otal da rukunin shaguna ake so, kuma ƙasa tana bukatar yaɓe kowace damina. Akwai gaskiya a nan, kuma ba na cewa a gina hawa 5 da tubali. Za a kuma ce lasisi rai yake karewa, a kawo misalin benen da ya rufta a titin Beirut na Kano a watan Agusta 2022. Wannan ma na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ina ma ganin ya kamata a tsananta. Sai dai hujjar ba ta taɓa abin da nake faɗa ba. Ilimin magina ya wuce ƙasa a matsayin kayan gini. Ya haɗa da sanin inda za a fuskantar da ɗaki, da ƙanƙantar taga a bangon da rana ke duka, da kaurin bango mai riƙe sanyin dare, da zaure da tsakar gida waɗanda ke ba iyali sutura da iska. Gidan da aka yi wa gilashi ta yamma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ya zama bawan janareta, ko da hatimi nawa ne a kan zanensa.

Ba za a ce jami'a ta yi shiru gaba ɗaya ba. Zbigniew Dmochowski ya auna gine-ginen gargajiya na ƙasar nan ya zana su, Hamman Tukur Saad ya yi digirinsa na uku a 1981 a kan gwanayen magina na ƙasar Hausa, J. C. Moughtin ya fitar da littafi a kan ginin Hausa a 1985. Amma yawancin wannan ya tsaya a darasin tarihi, ana karanta shi don cin jarabawa. Maƙwabtanmu sun nuna abin zai iya wuce haka. Falke Barmu, magini ne da bai yi boko ba, masallacin ƙasa da ya fara ginawa a Yama ta jihar Tawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse, tare da maginan yankin, aka kammala a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso ya karɓi kyautar Pritzker a 2022 bisa irin wannan aiki.

Kano tana da abin da ake bukata a kusa: sashen zanen gine-gine a Jami'ar Bayero da kuma jami'ar Wudil, da Gidan Makama, da Gidan Ɗan Hausa, da sauran tsofaffin magina da suka iya ɗaurin guga da haɗa makuba, waɗanda 'ya'yansu da yawa sun koma aikin bulo. Kirana ga waɗannan jami'o'i da reshen NIA na Kano da ARCON shi ne, a shigar da gwanayen nan aji a biya su a matsayin masu koyarwa, a kuma lissafa watannin da ɗalibi ya yi yana aiki a hannunsu cikin lokacin horon da ake nema kafin rajista, tun suna raye.