Abin da ke sa kwamfuta ɗaukewa ana tsakiyar aikin zane ko tace bidiyo

A unguwannin Hausawa na Legas, irin su Agege da kewayen tashar jirgin ƙasa ta Iddo, matasa da dama na cin abinci da kwamfuta. Wasu na zana fastocin siyasa da katunan ɗaurin aure da CorelDRAW ko Photoshop, wasu kuma na tace bidiyon biki da na wa'azi da Premiere Pro. Matsalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya ita ce na'urar da ke aiki lafiya ƙalau wajen rubutu da shiga intanet, amma da zarar an ɗora mata aikin hoto mai nauyi sai ta daskare ko ta mutu. Aikin yini guda na iya salwanta, mai kaya kuma ba ya karɓar uzuri.

Dalilin da ya sa matsalar ke ɓuya har sai an fara aiki mai nauyi shi ne a lokacin ne katin hoto ke jan wuta mafi yawa, yake kuma fitar da zafi mafi tsanani. Duk wani rauni da ke jikin na'urar a nan yake bayyana. Yanayin da kwamfutar ta faɗi shi ke nuna inda ya kamata a fara dubawa.

Alamu uku

Idan allo ya yi baƙi na ɗan lokaci sannan ya dawo, galibi matsalar tana tsakanin katin hoto da manhajar da ke tafiyar da shi, wadda ake kira direba. Tun daga Windows Vista, kamfanin Microsoft ya sanya tsarin da ke sake tayar da direban idan katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba. In hakan ya gagara, sai shuɗin allo ya fito da saƙon VIDEO_TDR_FAILURE.

Idan na'urar ta mutu ɗif kamar an zare waya, ba tare da wani saƙo ba, zargi ya fi karkata ga zafi ko wutar lantarki.

Idan kuma layuka, ɗigo-ɗigo ko launuka marasa kan gado suka riƙa fitowa kafin ta daskare, to akwai yiwuwar katin da kansa ya fara lalacewa.

Windows na ajiye tarihin kowace faɗuwa a cikin Reliability Monitor da Event Viewer. Lamba 4101 na nufin direban allo ya tsaya kuma ya farfaɗo. Lamba 41 ta Kernel-Power na nufin na'urar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, sai dai ba ta faɗin musabbabi.

Zafi da ƙura

A watannin Fabrairu da Maris zafin rana a Legas kan wuce digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, shagon da ba shi da iska kuwa ya fi haka. Ƙurar hunturu da ta bakin titi na haɗuwa da laimar gabar teku su toshe ƙofofin iska. Yawancin ƙwaƙwalwar kwamfuta kan rage gudu ko ta kashe kanta idan ta kusa digiri 100, domin kada ta ƙone.

Manhajoji na kyauta kamar HWiNFO da GPU-Z na nuna zafin na'ura yayin da take aiki. Idan ana ganin adadin yana haura 90 kafin kowace faɗuwa, an kama bakin zaren. Maganin shi ne a kashe ta, a hure ƙurar, a tabbatar fankokin na juyawa, sannan ƙwararre ya sauya man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya, domin yakan bushe da tsufa. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuma kada a ɗora ta kan katifa ko darduma.

Wutar lantarki

Ƙa'idar wutar gida a Najeriya volt 230 ce, amma abin da ke isa shago yakan yi ƙasa ko sama da haka, musamman lokacin da ake sauyawa daga wutar kamfani zuwa ƙaramin janareta. Stabilaiza da UPS mai batir mai rai na rage wannan haɗari, suna kuma ba da damar adana aiki kafin a kashe.

Akwai kuma akwatin wuta na cikin kwamfutar tebur. Sau da yawa akan sayi tsohuwar kwamfutar ofis a sanya mata babban kati, alhali akwatin wutarta ba a yi shi don haka ba. Alal misali, katin RTX 3060 shi kaɗai na cin wat 170, kuma kamfanin NVIDIA ya ba da shawarar akwati mai wat 550. Masu kwamfutar tafi-da-gidanka su lura da caja, domin jabu ko ƙarama ba ta iya ciyar da na'urar idan aiki ya yi nauyi.

Direba da RAM

Idan matsalar ta faro ne bayan sabunta direba, a koma kan tsohon. Manhajar DDU na goge direban allo gaba ɗaya, daga nan a sauke wani daga shafin NVIDIA, AMD, Intel ko na kamfanin da ya ƙera kwamfutar. NVIDIA na da nau'in Studio da aka tanada don masu zane da tace bidiyo. Kwafin manhajar sata ma kan jawo daskarewa, ban da ƙwayoyin cutar da yake ɗauke da su. Masu Windows 10 su sani cewa Microsoft ta sanya ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafin da take ba shi kyauta.

RAM mai lahani ko wadda ba ta zauna daidai a gurbinta ba ita ma kan kayar da na'ura. Windows Memory Diagnostic da MemTest86 na gwada ta. Inda akwai guda biyu, a cire ɗaya a gwada, sannan a musanya.

Kafin a je wajen mai gyara

Kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ba nisa da Agege, ita ce cibiyar saye da gyaran kwamfuta a Legas, kuma kayan tokumbo na da kaso mai tsoka a cikinta. Mai sayen irin wannan na'ura kada ya tsaya ga ganin ta kunnu. Ya nemi a ɗora mata aikin hoto mai nauyi na aƙalla rabin sa'a a gabansa yana kallon zafinta, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da wa'adin dawo da kaya.

Wanda tasa ta riga ta fara faɗuwa ya kwashe ayyukansa zuwa wata ma'ajiya, ya kunna adanawa ta kai tsaye a manhajar da yake aiki da ita, ya rubuta lambar kuskuren da abin da yake yi lokacin da ta faɗi. Ya riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, yana farawa da mafi araha: ƙura, wuta, direba, RAM, sannan katin. Goge Windows a sake ɗorawa ba ya gyara fanka da ta tsaya ko akwatin wuta da ya gaji, don haka bai kamata ya zama matakin farko ba.