Daga Allon Itace zuwa Allon Bango: Tarihin Bambancin Ɗalibai a Ƙasar Dakoro

A Sabon Maci, kamar sauran garuruwan gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, makarantar allo ce wurin da yaro ke fara haɗuwa da harafi. Wanda ya tsaya daga nesa zai ji hayaniya kawai, domin muryoyi da yawa suna tashi lokaci guda kuma babu biyu da ke kan aya ɗaya. Amma wannan hayaniyar ita ce tsarin. Kowane almajiri yana da allonsa da darasinsa: wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na kusa da shi ya yi nisa cikin surori. Malam yana biya wa kowa nasa, kuma ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Wani ya wanke kullum, wani ya kwana uku a kan layi biyu, ba kuwa a ce ya faɗi. Yaron yana ganin harafi, yana bin sa da yatsa, yana jin sa daga bakin malam, yana rera shi da nasa bakin, daga baya ya rubuta shi da tawada. Ido da kunne da hannu duk suna aiki tare. Ba a ce babu aibu ba: bulala ta kori yara da dama, kuma fahimtar ma'ana takan jira shekaru.

Makarantar da Faransawa suka kawo, wadda mutane ke kira lakol, ta juya al'amarin. Allo ya koma bango, ya zama ɗaya ga kowa. Darasi ɗaya, sa'a ɗaya, jarrabawa ɗaya a ƙarshen shekara, wanda ya kasa ya maimaita aji. Littafin Mamadou et Bineta na André Davesne ya yi shekaru yana zagaya azuzuwan Afirka ta Yamma, kuma ana rataya wa yaron da ya yi harshen gidansu alamar horo. A irin wannan aji, wanda aka kira daƙiƙi sau da yawa Faransancin mushe ne kawai bai ji ba.

Daga ƙasashen Turai da Amurka aka fara neman gyara. A 1980 Antoine de La Garanderie ya wallafa littafinsa kan yadda ɗalibai ke riƙe darasi a zuci, wasu da hoto, wasu da sauti, kuma ra'ayinsa ya yi tasiri ga malamai masu aiki da Faransanci. David Kolb ya fito da nasa rabon a 1984, sannan Neil Fleming na ƙasar Niyu Zilan ya kasa masu koyo gida huɗu a 1987: na gani, na ji, na karatu da rubutu, da na aikin hannu. Abin ya yi wa malamai daɗi, domin ya ba da suna ga abin da suka daɗe suna lura da shi.

Sai dai bincike bai goyi bayan alkawarin ba. A 2004 Frank Coffield da abokan aikinsa a Ingila suka ƙirga irin waɗannan rabe-rabe har 71, yawancinsu kuma ba su da tushe mai ƙarfi. A 2008 Harold Pashler da wasu masana uku suka duba gwaje-gwajen da aka yi, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa koyar da yaro ta salon da ya fi so yana ƙara masa fahimta ba. Yara suna da zaɓi, babu shakka, amma darasin ne ke zaɓar hanyarsa: taswira da ido ake koyonta, tajwidi da kunne, saƙar tabarma da hannu. Malamin da ya liƙa wa yarinya sunan mai koyo da kunne, ya daina ba ta alli, ya rage mata ne.

Bambancin da ya fi nauyi a ajin ƙasar Dakoro yana wani wuri: saurin kowane yaro, abin da ya riga ya sani, da harshen da ya tashi da shi, Hausa ne ko Fulatanci ko Tamajak. Nijar ta fara taɓa wannan tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Batun saurin kowane yaro kuwa, wanda malamin allo ke warwarewa da allo ɗaya ga almajiri ɗaya, har yanzu yana gaban mushen da ke tsaye shi kaɗai a cikin aji cike.