Gwajin jini da binciken asali: abin da kowanne ke iya nunawa kafin aure

A Amurka da Turai akwai bankunan da ke sayar da maniyyi ga masu neman haihuwa, kuma su ne da alhakin tantance lafiyar mai bayarwa. A 2014 aka gano cewa wani mutum da wani banki da ke jihar Jojiya ya tallata a matsayin haziƙi mai ƙoshin lafiya ya ɓoye taɓin hankalin da ke damunsa, bayan an riga an haifi yara aƙalla 36 da maniyyinsa. Tambayarsa aka yi, ya yi ƙarya, aka yarda.

A Birnin Konni, Malbaza da Illela wannan harka ba ta da gindin zama. Tun 1980 Muftin Masar, Sheikh Jadul Haƙƙ, ya haramta shigo da maniyyin wani tsakanin miji da mata saboda kare nasaba, kuma malaman Sunna a kan haka suke. Amma damuwar ɗaya ce da ta dattijon da ke tura mutum binciken asali kafin ya ba da 'yarsa: me gidan nan zai gadar wa jikokina?

Matsalar ita ce wannan bincike ya fi zafi a inda ya fi rauni. Ana tambayar hauka da farfaɗiya, har da kuturta wadda ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Taɓin hankali mai tsanani kuwa yana samun kusan mutum 1 cikin 100, ya kai kusan 10 cikin 100 idan ɗaya daga iyaye na da shi. Ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa da halin rayuwa su haifar da shi, shi ya sa babu gwajin jinin da zai hango shi. Sai ji-ta-ji-ta ta maye gurbin hujja, a fasa auren yarinya don kawunta ya taɓa kwanciya, dangi kuma su koyi ɓoye majinyaci.

Sikila ba haka take ba. Ƙwayar gado ɗaya ce, lissafinta a fili: AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS, ko da na farko ya zo lafiya. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar wannan haɗuwa. Sai dai gwajin ma suna ya tara. Na Emmel, mai sauƙin kuɗi, yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS, ba ya kuma ganin wata ƙwayar gadon da ake kira C. Wanda aka ce masa "babu" zai iya zama AC, ya auri AS, su haifi SC. Gwajin elektroforesis ne ke warware wannan.

Kano ta wajabta gwajin kafin aure a 2024. A ganina lokacin gwajin ya fi dokar muhimmanci, domin sakamakon da ya iso bayan an sa rana, an kai lefe, ba kasafai iyaye ke sauraronsa ba.