Gidan Rumfa: Fadar Ƙasa Mai Shekara Ɗari Biyar

 

'Yan uwa, a wannan fitowa mun ga ya kamata mu ɗan leƙa tarihi. Da yawa daga cikin Hausawan Garwa, idan aka bi salsalarsu, za a tarar kakanninsu fatake ne ko malamai da suka gangaro daga Kano da Katsina da Zazzau, suka yada zango a bakin Binuwai, zaman ya ɗore. To, a birnin Kano akwai wani gida da ya girmi duk wata fadar Lamiɗo ta wannan yanki namu, kuma har gobe yana tsaye. Shi ne Gidan Rumfa.

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A zamaninsa birni ya cika ya batse, sai ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma fitar da fili ya gina sabuwar fada wajen shekarar 1480. Gidan Makama, wanda yanzu ya zama gidan tarihi, shi ma ginin wancan zamani ne. Littafin Tarihin Kano ya lissafa sababbin abubuwa goma sha biyu da Rumfa ya fara, ciki har da busa kakaki, da figini na gashin jimina, da majalisar nan da ake kira Tara ta Kano. Ginin fadar na cikinsu.

Girman gidan ya kai eka 33, wato wajen hekta 13, an zagaye shi da katanga mai kauri. Kusan gari ne a cikin gari. Ta Ƙofar Kudu ake shiga a yau, nan ne mahaya ke kai gaisuwa ranar hawan salla. Akwai kuma Ƙofar Kwaru da Ƙofar Fatalwa. Mai shiga zai ratsa fili da zauruka, soro bayan soro, kafin ya isa inda sarki ke zaman fada. Daga can sai cikin gida, wurin iyali, inda baƙo namiji ba ya taka ƙafa. Kun ga dai tsarin gidan Bahaushe ne, zaure da shigifa da cikin gida, sai dai an faɗaɗa shi ya ɗauki ɗaruruwan mutane.

Da me aka gina? Da jar ƙasa. A kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali da hannu, rana ta busar da shi. Katanga a fara ta da faɗi daga ƙasa, tana hawa tana sirancewa. Rufi kuwa da azara, wadda ake tsagowa daga giginya, saboda gara ba ta cin ta. Amma fa azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai. Nan magina suka nuna gwanintarsu: su dasa azara a jikin bango, su ɗaure wata a kanta, kowace ta ɗan turo gaba, har bangarori biyu su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakunan suka gitta juna a tsakiya, sai a sami ɗaurin guga. A waje kuma a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a sa indararo don ruwa ya sauka nesa da bango, a tsaida zankwaye a kusurwa. Da rana tsaka soron nan sanyi ƙalau, abin da mu mutanen Garwa muka san darajarsa a watan Afrilu.

Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne malamin da ya shiga wannan fada. Wajen 1492 Shehu Muhammadu bn Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya sauka Kano. Ya rubuta wa Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna: gyara niyya, tsara hukuma, adalci a shari'a, karɓar dukiya ta halal da kashe ta inda ya dace. Gargaɗin da ya yi ta nanatawa shi ne kada sarki ya ɓuya ga talakawansa. Ku duba fa, mutumin da ya gama gina katanga da ƙofofi da zauruka shi ake faɗa wa haka, a garinsa, yana kan gadonsa. Malami ya faɗi gaskiya, sarki kuma bai kore shi ba.

Gidan ya ga sauyi iri-iri. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Kano ta shiga hannun jama'a a 1807, Sarki Alwali ya bar gari. Tarihin Kano ya kawo cewa Sarki Sulaimanu bai shiga gidan nan take ba, don abokan jihadi na tsoron kada 'ya'yansu su ɗauki halin sarautar da suka yaƙa, sai da aka nemi izinin Shehu. Daga Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, zuriyarsa ce a ciki, shi ya sa ake ce masa Gidan Dabo. A Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, Sarki Alu ba ya gari. A zamanin Turawa aka sami Soron Ingila. Masu gida na wucewa, gida na nan.

Wannan jihadi shi ne ya ba Modibbo Adama tuta, aka kafa Fombina, daga nan lamiɗai suka kafu a Garwa da Marwa da Ngaundare. Fadar Rai Buba, wadda Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarni na 19, ita ma ginin ƙasa ce mai doguwar katanga. A 2006 Kamaru ta sa ta cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2007 Nijeriya ta yi haka da ganuwar Kano da abubuwan da ke tare da ita, har da fadar.

Sai dai ginin ƙasa ba ya rayuwa da suna a takarda. Yaɓe yake so duk shekara kafin damina. In aka bar shi damina biyu uku, sai ya zube, a kawo bulo da kwano, shi ke nan. Tsofaffin magina suna ƙarewa, yaranmu kuma ba su san bambancin azara da katako ba.

Don haka muna roƙon 'yan uwa abu biyu. Duk unguwar da ke da tsohon zaure ko masallacin ƙasa, kafin a rushe a zauna a yi shawara, a ɗauki hoto, a tambayi dattawa wa ya gina, a rubuta a ajiye. Na biyu, duk wanda Allah Ya ba shugabanci a cikinmu, ko na unguwa ne, ko na kwamitin masallaci, ko na gidansa, ya tuna nasihar al-Magili, ya bar ƙofarsa a buɗe ga mai kuka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya sa mu cika da imani.