Ranar da Gani Ya Kori Ji a Birnin Munik

Hausawa sukan ce gani ya kori ji, suna nufin abin da ido ya shaida ya fi abin da kunne ya kawo. A yawancin al'amura haka ɗin ne. Amma akwai sana'ar da kunne ne alƙalinta, wato kiɗa da busa, kuma a cikin wannan sana'a ce aka yi wata rigima a ƙasar Jamus wadda ta ci shekara 13, tsakanin wani mashahurin madugun makaɗa da wata mace mai busa ƙaho.

Sunan madugun Sergiu Celibidache, ana faɗinsa Celibidake. An haife shi a Romaniya a 1912, ya tafi Barlin neman ilimin kiɗa a 1936. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sai aka damƙa masa babbar ƙungiyar makaɗan Barlin, gama an dakatar da tsohon madugunta, Wilhelm Furtwängler, sai an bincika zamansa da gwamnatin Hitila. Irin wannan ƙungiya, wadda Turawa ke kira okestira, takan tara mutum wajen ɗari: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙahonin tagulla, da masu ganguna. Madugu ba ya taɓa kayan kiɗa ko ɗaya. Yakan tsaya a gabansu da 'yar sanda a hannu, kamar yadda mai koyar da waƙa yake tsayawa gaban mawaƙan ikkilisiya, shi ne mai cewa a ɗaga ko a sassauta. Da Furtwängler ya rasu a 1954, makaɗan Barlin suka tsallake Celibidache suka zaɓi Herbert von Karajan. Ya yi ta yawo a ƙasashe, har a 1979 birnin Munik ya ba shi shugabancin ƙungiyar makaɗansa.

Ko maƙiyansa ba su yi musun kunnensa ba. Yakan sa makaɗa su maimaita gaɓa ɗaya har sai sun gaji, yana neman wani amo da sauran mutane ba su ma san akwai shi ba. Ya ƙi yarda a riƙa ɗaukar kiɗansa a faifai ana sayarwa, domin a ganinsa na'ura ba ta iya kama abin da kunne yake ji a cikin ɗakin kiɗa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin abin da ya biyo baya.

A 1980 ƙungiyar ta nemi mai busa turombon na farko. Turombon shi ne ƙahon tagulla mai dogon bututu wanda ake turawa gaba ana jawowa baya, irin wanda ake gani a badujalar 'yan sanda da ta samarin ikkilisiya. A Jamus ƙaho ne mai daraja ƙwarai. Da Martin Luta ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Jamusanci, sunan wannan ƙaho ya sa wa ƙahon da za a busa a ranar ƙarshe, kuma ikkilisiyoyin ƙasar suna da ƙungiyoyin mabusa masu ɗauke da sunansa, waɗanda suka taso daga ƙungiyoyin samari. Saboda haka in an ce mai turombon, namiji ne yake faɗo wa Bajamushe a rai.

Cikin masu neman aikin akwai Abbie Conant, 'yar Amurka, haifaffiyar 1955, wadda a lokacin take busa a gidan wasan waƙa na birnin Turin a Italiya. Wasiƙar gayyata da aka aika mata an rubuta ta da laƙabin namiji, gama masu rubutun sun ɗauka Abbie sunan namiji ne. Mutum 33 suka zo gwaji a watan Yuni. A zagayen farko aka rataye labule tsakanin mabusa da alƙalai. Ba don a kyauta wa mata aka yi haka ba. Ɗaya daga cikin masu neman aikin ɗan wani makaɗin ƙungiyar ne, ana gudun a ce an yi son kai. Conant ce ta 16. Da ta gama busa, alƙalai suka gamsu, an kuma ba da labari cewa Celibidache da bakinsa ya ce wannan suke so. Da aka kira mai lamba 16 ya fito, sai ga mace.

Aka yi sauran zagayen ba labule, ta sake yin fice, makaɗa kuwa suka zaɓe ta. Madugun bai so ba, amma bai daɗe da zuwa ba, ƙafarsa ba ta kafu sosai ba tukuna, sai ya yi shiru. Shirun bai yi nisa ba. A watan Satumba na 1982 aka sauke ta daga kujera ta farko zuwa ta biyu, inda aiki ya fi yawa, albashi kuma ya fi ƙanƙanta. Ta nemi sulhu, ta ce ta yarda ta zauna a kujera ta biyu duk ranar da shi ne yake jagora, a bar ta a ta farko in baƙon madugu ya zo. Bisa ga shaidarta, amsar da ya ba ta ita ce ta san inda matsalar take: namiji ake bukata a wannan kujera.

Ba a kanta kaɗai ya nuna wannan hali ba. Anne-Sophie Mutter, Bajamushiya da duniya ta san ta da goge tun tana yarinya, ya taɓa kiranta kaza mai goge. Ba shi kaɗai ba ne kuma a zamaninsa. Ƙungiyar Barlin, wadda aka kafa a 1882, sai da ta cika shekara ɗari kafin ta karɓi mace ta farko, Madeleine Carruzzo, a 1982. Jim kaɗan bayan haka Karajan ya so ya ɗauki Sabine Meyer, mai busa kalanet, makaɗan suka ƙi ta da ƙuri'a 73, mutum 4 kaɗai suka goyi bayanta. A can madugu ne ya so, mabiya suka ƙi. Ƙungiyar Biyana ta ƙasar Ostiriya kuwa sai a 1997 ta ba mace cikakken matsayi, wato Anna Lelkes, bayan ta yi fiye da shekara 20 tana kaɗa musu garaya. Duk da haka zamani bai isa ya wanke Celibidache ba, gama tun a 1913 Henry Wood ya shigar da mata cikin ƙungiyarsa a London, sama kuwa ba ta faɗo ba. Abin da ya ƙara bambanta shi da sauran shi ne labulen nan. Waɗansu suna iya cewa ba su taɓa sauraron mace da zuciya ɗaya ba. Shi ya saurara, ya yanke hukunci da kunnen da yake taƙama da shi, sa'an nan ya ƙaryata kunnen da idonsa ya ga mai busar. Annabi Sama'ila ma ya kusa yin irin wannan tuntuɓe a gidan Yesse, sa'ad da tsayin Eliyab ya ɗauke masa hankali, amma shi da aka tsawata masa ya ji.

Conant ta kai ƙara kotun ma'aikata. Da yake ƙungiyar ta birnin ce, hukumar birnin Munik ce ta tsaya a gaban alƙali. Lauyoyinta ba su iya cewa don ita mace ce ba, domin dokar ƙasa ta hana. Sai suka ce ba ta da ƙarfin jiki da numfashin da za ta ja ragamar masu turombon. Wannan ya sa ta tafi asibitin huhu na Gauting, aka auna numfashinta da jininta, sakamakon ya fito ya wuce na yawancin mutane. A 1984 kotu ta ba ta gaskiya, domin hukumar ta kasa nuna a wane wasa ne, a wace rana, ta gaza. Hukumar ta ɗaukaka ƙara. Kotu ta ce a nemo gwani ya saurare ta. Gwanin farko ya yi ta ɗaga ranar gwaji, ita kuwa tana ta shiri ana rushewa, daga baya ya janye. Sai aka samo wani malamin turombon, Heinz Fadle, ya saurare ta, ya rubuta wa kotu cewa tana da ƙarfi, da natsuwa, da gwanintar da kujerar take bukata. A 1988 aka mayar da ita kujera ta farko, bayan shekara 6.

Mutum zai zaci an gama. Ashe an mayar mata da kujera amma an ajiye ta a matakin albashi da ya gaza na maza masu riƙe da irin matsayinta. Ta koma kotu, kamar gwauruwar nan ta cikin Luka sura 18 da ta hana alƙali sakat. Ta ci nasara a 1991, hukumar ta sake ɗaukaka ƙara, ta kuma sake faɗuwa a 1993. Dukan shekarun nan tana zuwa aiki, tana zama a gaban mutumin da ya ce ba ta isa ba, tana kallon sandarsa, tana busa a daidai lokacin da ya nuna ta. Wannan wahala ba ta shiga takardun kotu ba, ga alama kuwa ta fi sauran nauyi.

Da ta sami hakkinta cikakke sai ta ajiye aikin a 1993, ta koma makarantar koyon kiɗa ta garin Trossingen, inda aka ba ta matsayin farfesa, tana koyar da turombon ga maza da mata. Mijinta, William Osborne, mai tsara kiɗa, shi ne ya tattara takardun shari'ar ya rubuta tarihinta, ta haka labarin ya bazu. Celibidache ya zauna a kan kujerarsa har ya rasu a Faransa a watan Agusta na 1996. A 1992, lokacin da ƙarar albashin Conant take gaban kotun ɗaukaka ƙara, hukumar Munik ta naɗa shi ɗan gari na girmamawa.