Sakatar Durowar Mota da Dokar da Ke Bayanta

Wata uku da suka wuce durowar gaban motata ta daina rufuwa. Duk ramin da na faɗa tsakanin Kano da Zariya sai murfin ya wangale, takardun mota su zube a ƙafafun wanda ke zaune kusa da ni. Bakaniken da na kai wa ya leƙa, ya ninke kwalin ashana, ya cusa a gefen murfin, ya ce, "Yallaɓai, shi ke nan, wannan ai bai kai a karɓi kuɗinka ba." Na yi masa godiya har zuciya. Sai daga baya na gane cewa abin da muka maye gurbinsa da kwalin ashana yana da tarihi na fiye da shekara ɗari, kuma a ƙasar da aka fara sayar da motar tawa akwai dokar da ta fayyace irin ƙarfin da dole ya jure.

A Turanci sunan wannan durowa yana nufin akwatin safar hannu, haka ma a Faransanci da Jamusanci. Direbobinmu kuwa sun aro wani sunan daga Turancin titi, mai ma'anar ɗakin tantabara, wanda a ganina ya fi dacewa da tarkacen da ke ciki. Amma ainihin sunan ba banza ya zo ba. Motocin farkon ƙarni na 20 a buɗe suke, babu rufi, babu abin ɗumama ciki, da yawa ko gilashin gaba babu. Da hannu ake murɗa injin ya tashi, domin sai a 1912 kamfanin Cadillac ya fito da mota mai tashi da lantarki. Fitilun na iskar gas ne, taya kuwa fashewarta ba labari ba ne. Wanda zai tuƙa irin wannan mota cikin hunturun Ingila ko arewacin Amurka, safar hannu ta fata ta zame masa kayan aiki kamar sifana.

Shi kansa allon da durowar ke jiki gadon keken doki ne. Katako ne da ake kafawa a gaban mai tuƙi don ya tare taɓon da kofaton doki ke watsowa, kuma daga nan kalmar dashbod ta samo asali. Da doki ya tafi, allon ya zauna, aka fara liƙa masa agogunan mota.

Sunan da aka fi haɗawa da tarihin durowar shi ne na Dorothy Levitt, 'yar tseren mota a Ingila, wadda a 1906 ta yi gudun da ya kai kusan kilomita 146 a sa'a a Blackpool. A 1909 ta wallafa littafin The Woman and the Car, jagora ga matan da ke son tuƙa kansu. A ciki ta ba da shawarar a ajiye safar hannu a ƙaramar durowar da ke ƙarƙashin kujerar direba, tare da hankici, da alewar cakulan, da madubin hannu don a riƙa ɗagawa ana duba abin da ke biye a baya, a zamanin da motoci ba su zo da madubin baya ba. Ta kuma shawarci mace mai tafiya ita kaɗai ta riƙe ƙaramar bindiga. A lura, durowarta a ƙarƙashin kujera take, nesa da jikin kowa. Sai bayan motoci masu rufi sun mamaye kasuwar Amurka a ƙarshen shekarun 1920 ne durowar ta kafu a jikin dashbod, daidai gaban gwiwar fasinja. Safar hannu ta fita daga yayi, sunan ya tsaya.

Shekaru talatin da suka biyo baya na ado ne. Murfin ƙarfe ne, wani da agogo a tsakiyarsa, wani da gurbin ɗora kofi a cikinsa. Cadillac Eldorado Brougham ta 1957 ta zo da ƙananan kofuna shida masu maganaɗisu a gindi, waɗanda ke manne wa murfin idan an buɗe shi. Babu wanda ya tsaya tambayar me zai faru idan murfin ƙarfe mai kaifin baki ya buɗe da kansa a daidai lokacin da jikin mutum ke tahowa kansa da gudu.

Wanda ya share fagen wannan tambaya shi ne Hugh DeHaven, Ba'amurken da ya tsira daga karon jiragen sama biyu a 1917 yana koyon tuƙin jirgi. Ya ƙare rayuwarsa yana binciken dalilin da ya sa wani ke mutuwa wani ke tashi daga haɗari iri ɗaya, kuma aikinsa a Jami'ar Cornell ya kafa fahimtar da ake kira karo na biyu. Karo na farko shi ne na mota da abin da ta buga. Na biyu, wanda ke zuwa cikin ƙiftawar ido, shi ne na mutum da cikin motar: sitiyari, gilashi, maɓallai, murfin durowa. Wannan na biyun ne ke raunata mutum, kuma shi ne injiniya ke da iko a kansa. Ralph Nader ya kai batun gaban jama'a da littafinsa Unsafe at Any Speed a 1965. A 1966, shekarar da mutum kimanin 50,000 suka mutu a hanyoyin Amurka, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kiyaye lafiyar masu amfani da mota, kuma ƙa'idojinta na farko suka fara aiki a 1968.

Ƙa'ida mai lamba 201 ita ce ta shafi abin da jiki ke bugawa a cikin mota, kuma a cikinta akwai sashe a kan murafen durowa. Dole murfin ya zauna a rufe. Ɗaya daga hanyoyin gwaji ita ce a ɗora wa sakatar fizgar da ta ninka nauyinta sau 10 ta gefe da ta sama, da sau 30 ta gaba da baya. Wata hanyar kuma a buga motar da bango tana gudun kilomita 48 a sa'a. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dalilin gwajin. A cikin irin wannan fizga, hannun da kake ja da yatsa biyu yakan yi nauyin da zai iya jan kansa ya buɗe murfin ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Don haka ƙarfin ɗan sifirin da ke ciki, da nauyin hannun, duk lissafi ne aka yi.

Zuwan jakar iska ya ƙara wa wurin muhimmanci. Tun daga motocin 1998 doka ta wajabta ta a gaban fasinja a Amurka, kuma mazauninta yana saman durowar. A motoci da yawa murfin ne ke tare gwiwa don kada mutum ya sulale ƙasa, har ma Ford Mustang ta 2015 ta sa jakar iskar gwiwa a cikin murfin kansa. Murfin da ke rataye a buɗe ba zai yi wannan aikin ba.

Nan ne labarin ya iso gare mu. Yawancin Camry da Corolla da Accord da ke cika titunanmu an fara sayar da su ne a Amurka, sun bi ta Kwatano ko Legas, sun zo da sakatar da aka gwada bisa wancan ma'auni. Amma roba ce, ta sha shekara goma sha biyar, sannan ta zo ta haɗu da ranar watan Afrilu da ƙurar hunturu. Mu kuma mun ɗora mata lodin da ba a ƙera ta dominsa ba: takardun mota da ake zarowa a kowane shingen bincike, caja, tocila, turare, wani lokaci har da filaya.

Da na koma na zare kwalin ashanar, sai na ga al'amarin bai da wuya. Sakatar iri biyu ce. Tsohuwar ƙira ƙugiya ce guda a tsakiya da ke kama wani lanƙwasasshen ƙarfe a jikin dashbod. Sabuwar kuwa sanduna biyu ne da ke fita ta gefen murfin su shiga ramuka, kuma jan hannun ne ke janyo su ciki. Idan ƙugiyar na motsi amma ba ta kamawa, galibi ƙarfen ne ya goce, sai a sassauta sukurorinsa biyu, a daidaita, a ɗaure. Idan hannun ya yi laƙwas, sifirin ne ya zame ko ya karye. Idan sandunan sun cije, ƙura ce, kuma maganinta wankewa da feshin silikon, domin man inji da giris ƙurar suke ƙara tarawa. Robar da ta tsage kuwa gam ba ya riƙe ta, sai dai a nemi wata a Ƙofar Ruwa ko Panteka, a tafi da tsohuwar a hannu don a gwada. Wanda zai cire durowar gaba ɗaya ya fara cire kan batir, ya kuma bar wayoyi masu ruwan ɗorawa, domin na jakar iska ne.

Tawa sifirin ne ya zame daga mazauninsa, wataƙila tun ranar da aka sauke durowar don canza matatar iskar da ke bayanta. Na mayar da shi da bakin sukundireba, na rage rabin tarkacen, murfin ya rufe da ƙarar da na manta yana da ita. Safar hannu dai ban samu ko ɗaya a ciki ba.